Tsakanin Ƙarfe da Ƙarfe

Motar da ta sauka daga kwalta a Gazawa ta nufi ƙauyukan Gangara, ba injinta ne ke fara sanin hanya ta sauya ba, ƙarƙashinta ne. Nan rairayi, can burji ya yi kunya-kunya, gaba kaɗan ga zaizayar da damina ta bari. Ga kuma kaya an lafta har sun ɗara kan direba: buhunan aya, wake, riɗi, fasinja a bisa kowa ya damƙe igiya. Duk wannan nauyi da jijjiga, kafin su isa gangar mota, sai sun ratsa ta wata ƴar roba da ba ta kai dunƙulen hannu ba, wadda ke zaune cikin idon sifirin. Ita ce bushin, wasu makanikanmu kuma silanbulok suke ce mata. Na daɗe ina lura da yadda wannan ƴar aba ke sauya kama a garejojinmu, kuma sauyin nata ya fi girmanta nesa.

Aikinta ba shi da wuyar ganewa. Sifirin fallayen ƙarfe ne da aka jera, babban fallen an lanƙwasa bakinsa biyu sun zama ido. Ta cikin idon nan ake zura ƙusar da ke haɗa sifirin da shasi. Duk lokacin da taya ta hau tudu, sifirin yakan miƙe ya ƙara tsawo, idon ya juya kaɗan a jikin ƙusa. In babu komai a tsakani, ƙarfe zai ci ƙarfe, ƙusa ta rame, ido ya buɗe, wata rana kuma abin ya tsinke da kaya a bisa. Bushin guringuntsin mota ce: tana tsakanin ƙashi da ƙashi, ita ke shan gugar. An yi ta ne don ta mutu a madadin abin da ya fi ta tsada. Wanda ya riƙe wannan magana, ya riƙe rabin sanin ƙarƙashin mota.

A zamanin gyaɗa, lokacin da kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 ke kwashe amfanin gonar ƙasar Maraɗi, manyan motocin da ke bin wannan hanya, su Berliet da Mercedes, ba roba ce a idon sifirinsu ba. Tagulla ce, da ƙusar ƙarfe mai ƴar ƙofar giris a kanta. Ita ma tagullar hikimar ɗaya ce, ta fi ƙusa taushi, ita ke fara cinyewa. Amma tana da sharaɗi: sai an ciyar da ita. Shi ya sa aikin karen mota na wancan lokaci bai tsaya ga ɗaure kaya da sa waigi ba. Kafin a tashi sai ya shiga ƙarƙashi da famfon giris, ya bi ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya, yana matsawa har tsohon giris mai ƙasa ya fito ta gefe, sabo ya maye gurbinsa. Yaron da ya yi shekaru yana wannan ya san ƙasan mota kamar yadda ya san hanyar gidansu, tun kafin maigidansa ya yarda ya taɓa sitiyari. Direbobin da suka fito daga wannan makaranta da kunne suke gano ciwon mota.

Fari na 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, amma bai karya sufuri ba. Sai ma ƙananan motoci suka yawaita. An buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, a-kori-kura 404, daga baya 504, suka cika kasuwannin ƙauye daga Gidan Rumji har Tasawa, ga Land Rover, ga Toyota tana shigowa sannu a hankali. Waɗannan da baƙar roba suka zo. Robar kamfani ba a sake take ba: an dafa ta ne ta manne tsakanin bututun ƙarfe biyu, ƙarami a ciki, babba a waje. Ba ta zamewa a jikin komai. In sifirin ya motsa, naman robar ne ke murɗewa ya dawo. Ba ta son giris, hasali ma mai maƙiyinta ne, yana kumbura ta ya ruɓar da ita. A hanyar rairayi wannan babbar falala ce, don babu wata kafa da ƙasa za ta shiga ta zauna. Illarta zafi. Rana irin ta Afrilu da Mayu tana busar da ita, ta tsattsage, kaya fiye da ƙima kuma su latse ta gefe guda har ƙusa ta soma buga ido. Daga nan sai ka ji ƙwal-ƙwal a duk rami, mota ta riƙa jan gefe, tayar baya ta riƙa cinyewa ta ɓangare ɗaya.

A nan ne mutanenmu suka yi abin da har gobe nake jinjina musu. Mai mota a Gangara ba zai ajiye ta mako guda yana jiran a kawo masa roba daga Maraɗi ko Kano ba, ranar kasuwa ba ta jira. Sai aka koma ga tsohuwar taya. Ba kowace taya ba, kuma ba ko'ina a jikinta ba. Tayar babbar mota ake nema, irin ta da mai zare, ba mai waya ba, don waya tana cin ƙusa. A yanko wurin da ya fi kauri, a fere shi da wuƙa mai kaifi ana tsoma ta a ruwa don ta bi, a huda tsakiya da bututun ƙarfe da aka wasa bakinsa. Gwanin abin ba ya amfani da ma'auni. Ya dubi idon sifirin, ya zura yatsa, ya yanka ta ɗan fi ramin kauri yadda sai an sa ruwan sabulu da guduma za ta shiga. In ta shiga da sauƙi, ya cire ya jefar, ya san ba za ta kai ko'ina ba. Zaren da ke cikin naman tayar shi ke hana ta fashewa, kuma gwani ya san ta wace fuska zai juya zaren don ya tari nauyi.

Ba zan ce wannan bushin ta kai ta kamfani ba. Ba ta kai ba. Tana saurin sakin jiki, kuma motar da ke kanta ba ta da natsuwa in ta hau kwalta da gudu. Amma tana da halaye guda biyu da ba a raina su. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ana yin ta a gaban mai mota yana shan shayi. Sannan ba ta taɓa cutar ƙarfe. Ta mutu da wuri, a sake wata, sifirin da shasi suna nan lafiya lau. Da yawa daga motocin da har yau ke kai kaya kasuwannin Agye da Cadawa, waɗanda sun girmi direbobinsu, wannan taushin ne ya raya su.

Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa da ke kan sefa 50 ya koma 100, kayan gyaran da ke zuwa daga can suka ninka kuɗi cikin dare ɗaya. Daga nan kasuwar ta juya fuska. Motoci da kayan gwanjo na Turai suka riƙa kwararowa ta Kwatano, ƴan kasuwar Maraɗi kuma suka ƙara dogara da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ta Ɗan Isa da Jibiya. Bayan ƴan shekaru kayan Sin suka cika shaguna. Bushin ta yi arha, ta yi yawa, kwalinta ya yi kyau. Sai dai a cikin kwalin akwai mai kirki, akwai kuma wadda rabinta gari ne aka cuɗa da ɗan abin da zai riƙe shi, ka matsa ta da farce ta gutsure. Mai yankan taya ya rasa ciniki, don wa zai tsaya a fere masa alhali ga sabuwa fil a leda? Mai mota kuma bai huta ba, don sabuwar ba ta fi ta tayar daɗewa ba, wani lokaci ma ba ta kai ta ba. Araha dai ba ta ado. A ganina wannan ne zangon da ya fi kowane muni, domin a cikinsa aka yi asarar sana'a ba tare da an sami inganci ba.

Cikin wannan hali ne jar roba ta bayyana, ko da yake akwai ruwan ɗorawa, akwai shuɗiya, akwai ma baƙa. Sunanta foliyuretan. Ba daga itacen roba take ba, haɗin sinadarai ce da Otto Bayer da abokan aikinsa suka gano a Jamus a 1937, kuma danginta sun daɗe a gidajenmu: soson katifa da tafin wasu takalma duk daga gare ta suke. Wadda ake yi wa mota mai tauri ce. A ma'aunin taurin da ake kira Shore A, robar kamfani takan tsaya wajen 60 zuwa 70, ita kuwa wannan takan kama daga 80 har 95. Launi ba ya nuna tauri, kowane kamfani da irin rinin da yake so. Baƙin mai ba ya ruɓar da ita, rana ba ta tsattsaga ta kamar baƙar roba, nauyi kuma ba ya latse ta da wuri. Ga mai ɗaukar buhuna a tsohuwar Hilux ko Land Cruiser, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

Sa ta a tsohuwar mota yini guda ne, kuma wahalar ba a sabuwar take ba, a fitar da tsohuwar take. Za a ɗaga shasi a tokare shi da kututture, ba a bar shi a kan jak kaɗai ba, a bar sifirin ya sake. Ƙusar da ta shekara goma a wurin takan yi tsatsa ta manne da bututun ciki, sai an jiƙa ta da mai, an buga, wani lokaci sai an yanke ta. Sannan a ƙona tsohuwar robar ta zube. A nan ake gane makaniken da ya san aikinsa: wutar a kan roba yake tsayar da ita, ba ya barin idon sifirin ya yi ja, don ƙarfen sifirin in ya sha wuta ya rasa ƙarfinsa, gaba kaɗan a nan zai karye. Bututun waje da ya rage manne a ido, a zura zarto a tsaga shi a hankali ba tare da an taɓa idon ba, a fitar da shi da kurfi. A goge ramin tas har ya yi santsi.

Sabuwar yawanci gida biyu take zuwa, kowane da ɗan kafaɗa, a tura ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, a zura bututun ƙarfe a tsakiya. Da hannu ma tana shiga, ko da ɗan matsi kaɗan. Wannan sauƙin ne ke yaudarar mutane su ɗauka aikin ya ƙare. Alhali ita ba kamar baƙar roba take aiki ba. Ba ta manne da komai ba, ba ta murɗewa, juyawa take a jikin bututun nan. Ashe ta fi kusa da tagullar zamanin Berliet, kuma sharaɗinsu ɗaya: sai da giris. Giris ɗin ma mai danƙo wanda ruwa ba ya wankewa, irin wanda masu kirki ke haɗowa da ita a ƴar leda. Haka nan ba a ƙarasa ɗaure noti sai an sauke mota ta tsaya da ƙafafunta. Ga baƙar roba wannan wajibi ne, don in an ɗaure ta a sama za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Ga jar ma shi ya fi, don komai ya zauna a mazauninsa.

To, a nan ƙasarmu ta bambanta da inda aka ƙera abin. Giris da rairayi in sun haɗu sun zama abin wasa wuƙa. Motar da ke ratsa yashi kullum, in aka shafa mata giris sau ɗaya aka manta, ƙura za ta shiga ta zauna, bushin ta soma ƙara kamar ana yanka, sannan a hankali ta cinye bututu da ƙusa alhali ita tana nan da sauran ƙarfinta. Maganin yana nan, kuma tsoho ne: ƙusa mai ƙofar giris, da yaro mai famfo da zai riƙa turo sabo yana korar mai ƙasa. Sai dai yaron nan yanzu babu shi. Karen motar yau kuɗin fasinja yake karɓa, da yawansu kuma sun gwammace su sami babur su yi kabu-kabu da su kwanta ƙarƙashin mota shekara da shekaru. Ban ga laifinsu ba, kowa cikinsa yake nema wa. Amma gurbin da suka bari yana nan a buɗe.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi. Jijjigar da baƙar roba ke shanyewa, jar ba ta shanye ta, miƙa ta take gaba. Ina take zuwa? Ga maratayin sifirin, ga ƙusoshin da suka riƙe shi, ga shasin da ya shekara talatin yana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa, an yi masa walda a wuri uku ko huɗu. A sabuwar mota a kan kwalta, abin da direba zai ji bai wuce ɗan tauri ba, har ya ji daɗin yadda take bin sitiyari. A tsohuwar mota a kan burji, tsaga ce ke fitowa a gindin marataya. Na ji wani dattijon makanike a Agye yana faɗa wa wani matashin mai mota da ya zo da tasa a leda, yana murna an ce masa ba zai sake saye ba.

"Alhaji ƙarami, wannan ba za ta mutu ba, gaskiya suka faɗa maka."

"To, Baba, ai abin da nake nema ke nan."

"In ita ba ta mutu ba, ɗana, wani abu zai mutu a madadinta. Bari in duba shasin tukuna."

Ya duba, ya sa masa jar a wuraren lilo na idon baya na sifirin inda robar ke saurin latsewa, ya bar baƙa mai kyau a idon gaba inda bugun hanya ke shiga gangar mota kai tsaye. Ba a rubuce yake a jikin kwali ba. Daga sanin hanya da sanin motar ya fito.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Foliyuretan marar kyau, ko wadda ta daɗe a ajiye cikin zafi da laima, tana rududdugewa. Duk wanda ya taɓa ajiye takalmin salla ya ɗauko bayan shekaru ya ga tafin yana zuba kamar gari ya ga wannan ciwo da idonsa. Don haka ja ba shaidar inganci ba ce, yanzu ma an fara rina ta banza.

Shekarun nan na baya sun koya mana wani abu game da dogaro da kwali. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 kuma takunkumin CEDEAO ya sake rufe iyakar ƙasashen biyu, aka yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar, wadda wani layinta daga Katsina yake shigowa Gazawa, ba a ɗage takunkumin ba sai a Fabrairun 2024. Gangara da ke maƙwabtaka da ƙasar Katsina ba sai an ba ta labari ba. Kayan gyara suka yi tsada, wasu suka ɓace. Masu injin gurza na Maraɗi, waɗanda ke iya fere bushin daga sandar foliyuretan daidai da idon da ya riga ya buɗe, aikinsu sai da wuta. Wanda bai buƙaci iyaka ko wuta ba shi ne mai wuƙa da tsohuwar taya. A lokacin ne aka shiga cigiyarsu, aka tarar sun ragu ƙwarai, waɗanda suka rage kuma furfura ta cika musu kai, babu yara a gabansu.

Su masu gurzar nan sun cancanci a tsaya a kansu kaɗan, don a wurinsu nake ganin tsohuwar basira ta sami sabon gida. Idon sifirin tsohuwar mota ba ya nan yadda kamfani ya yi shi, ya buɗe, wani ma ya zama kamar ƙwai. Bushin ta kwali da ma'aunin sabuwar mota aka yi ta, in an sa sai ta yi lako-lako, ta soma kaɗawa tun ranar farko. Mai gurza kuwa auna idon yake, ya fere daidai da shi, kamar yadda mai taya ke yi da yatsa. Abin da ya rage masa shi ne ya san taurin sandar da yake saye, ya daina ɗaukar wadda ta fi kowace tauri a matsayin wadda ta fi kowace kyau. Wasu har farar roba mai ƙarfin ƙashi suke gurzawa su sa a sifirin, wannan kuwa kashe shasi ne da hannu.

Ana ta maganar layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, ga manyan motocin Howo sun cika babbar hanya ta ɗaya. Duk da haka jirgi ba zai shiga gona ya ɗauko aya ba, Howo ba za ta bi turbar amalanke ba. Tsakanin rumbu da kwalta, tsohuwar a-kori-kura ce za ta ci gaba da wannan aiki shekaru masu zuwa, kuma ita ce ke kai mai naƙuda asibiti in dare ya yi.

Hukuncina a kan jar roba shi ne a saye ta, ta fi robar bogi da ta cika kasuwa nesa ba kusa ba. Amma a zaɓi mai matsakaicin tauri, a duba shasi kafin a sa, a haɗa ta da ƙusa mai ƙofar giris, kuma kada ƙarfinta ya zama hujjar ƙara buhu biyar a kan abin da motar ke ɗauka. Ku kuma iyayen gidan gareji, daga Gidan Rumji zuwa Gazawa, da masu koyarwa a cibiyoyin koyon sana'a na gundumominmu, ina roƙonku abu ɗaya: duk yaron da kuka koya wa sa ta kwali, ku kai shi wurin dattijon da ya iya yanka ta taya tun yana da rai, ku kuma mayar masa da famfon giris a hannu.